Elmina da Cape Coast ba na baƙin Amurka kaɗai ba ne

Bara na je Akara ta ƙasar Ghana bikin jikar kawuna a unguwar Nima, aka ɗaura aure aka gama hidima, sai ya rage min kwana 4 kafin in koma Kano. Na ce wa Kawu ina so in leƙa Cape Coast da Elmina in ga gidajen bayin nan da ake nunawa a talabijin. Ya dube ni ya ce "kai kuma me ka ajiye a can? ai wurin Turawa ne da 'yan Amurka masu zuwa su yi kuka su ɗau hoto, zauna ka huta ɗana, ka sha gajiya." Kawun nan nawa ya haura shekara 80, a zangon Kumasi aka haife shi, ya fi shekara 50 a Akara, motar Cape Coast kuma daga tashar Kaneshie ba ta wuce awa 3 in hanya ta yi kyau, amma bai taɓa taka ƙafarsa can ba. Kuma ba shi kaɗai ba ne, a gidan bikin nan na tambayi mutane da dama, waɗanda suka taɓa zuwa ɗin yara ne da makarantar boko ta kai su yawon buɗe ido, manya kuwa sai su ce maka ai wannan ba harkarmu ba ce.

Ni kuma na dawo da yaƙinin cewa harkarmu ce, harkarmu ce sosai ma, kuma wannan nesa-nesa da muke yi da wurin ba ta yi mana amfanin komai ba sai dai ta bar mu cikin rashin sanin kanmu.

Da asuba muka kama hanya ni da ƙanina, ɗan autan Kawu. Garin farko da za ka ratsa bayan ka fita Akara sunansa Kasoa, inda go-sulo ke cin ran direbobi, ƙanin nawa ya ce Yaya ka san ai kasuwa ce ko, kalmarmu ce, mutanenmu na arewa ne suka kafa kasuwa a nan sunan ya bi garin. A tasha mun karya da koko da ƙosai, wanda a duk faɗin Ghana sunansa kokon Hausa, ga waakye ɗinsu da kowa ke alfahari da shi wanda asalin sunan daga wake ne. Wato tun kafin ka isa teku sawun kakanninmu na bin ka a hanya, to ta yaya labarin abun da ya faru a ƙarshen hanyar zai zama ba namu ba?

Elmina muka fara zuwa, tana gaba da Cape Coast da kamar kilomita 12. Ginin fari ne fat, ya zauna a kan dutse tsakanin teku da tafkin Benya, ƙasansa kuma cike da kwale-kwalen masunta masu fenti kala-kala da tutoci, ga ƙarnin kifi ga hayaniyar mata masu saye. Turawan Fotugal ne suka gina shi a 1482, shekara 10 kenan kafin Kolombus ya isa Amurka, kuma ana lissafa shi a matsayin ginin Turawa mafi tsufa a Afirka kudu da Sahara. Da farko zinariya ce ta kawo su, sunan ma daga kalmarsu ta mahaƙar ma'adini ya samo asali, mutanen garin kuwa Edina suke cewa. Abun da ya ban mamaki shine a farkon lamarin har bayi suke sayowa daga yankin Benin su kawo nan su sayar wa 'yan kasuwar Akan, babbar ƙabilar kudancin Ghana, a ba su zinariya. Sai daga baya da gonakin rake suka buɗe a Barazil da tsibiran Karibiyan, ɗakunan da aka gina don ajiye kaya suka koma ɗakunan ajiye mutane. Turawan Holan suka ƙwace wurin a 1637, ta hanyar hawa tudun da ke fuskantarsa suka girke igwa suka yi ta luguden wuta daga sama, shi ya sa da suka ci nasara suka gina wani sansanin a kan tudun don kar wani ya yi musu irin abun da suka yi, yana nan har yanzu, Sent Jago ake ce masa. A hannunsu ya zauna har 1872 da suka miƙa wa Ingila.

Duk wannan ana iya karantawa a waya. Abun da waya ba za ta ba ka ba shine warin. A ɓangaren mata akwai wani wari da ya kama bangon, ba na kifi ba ne ba kuma na danshin teku ba, kana shiga zai tokare maka maƙogwaro. Akwai ɗan tsakar gida a wurin, samansa baranda ce ta gwamna, mai yi mana bayani ya ce daga nan yake tsayawa a fito da matan ya nuna wadda yake so, a wanke ta da ruwan rijiyar da ke tsakar gidan a hau da ita ta wani matsattsen tsani na katako da ke kaiwa ɗakinsa. Wadda ta ƙi kuma ga dunƙulen ƙarfen igwa nan a ƙasa, a ɗaure ƙafarta a jiki ta wuni a rana. Na sunkuya na gwada ɗaga ƙarfen da hannu biyu, da kyar ya motsa. Wata baiwar Allah da ke cikin ayarinmu, daga ganinta daga Amurka ko Jamaika ta zo, ta dafa bango ta yi shiru hawaye na zuba, ba ta ɗau hoto ba, ba ta ce komai ba. A raina na ce da Kawu na nan da ya janye maganarsa.

A saman wannan ɓangaren na mata Turawan Holan suka yi ɗakin ibadarsu, har da ayar Zabura a rubuce a jikin bango. A Cape Coast ma haka, cocin Ingilishi yana saman kurkukun maza daidai. Na san da yawa cikinmu in suka ji wannan za su ce ka ji Nasara ko, suna waƙar ibada a sama mutane na mutuwa a ƙarƙashin ƙafarsu. Ni ma haka na fara ji. Amma a riƙe wannan tukuna, zan dawo kansa.

Da azahar muka koma Cape Coast, muka yi sallah a masallacin zango kusa da kasuwar Kotokuraba sannan muka shiga. Shi wannan Turawan Suwidin ne suka fara kafa shi a 1653, ya yi ta canza hannu har ya faɗa hannun Ingila wajen 1664, kuma nan ne hedikwatar mulkinsu a wannan gaɓar har 1877 da suka mayar da ita Akara. Kurkukun maza gangarawa ake yi ƙasa, ɗakuna 5 ne a jere, mai bayanin ya ce akan cusa mutum har 1000 a cikinsu, su yi makonni wani sa'in har wata 3 suna jiran jirgi. Haske da iska daga wasu 'yan ramuka ne can sama. A ƙasa akwai 'yar kwata da aka sassaƙa wai don fitsari da bahaya su bi, ya haska mana da tocilan ɗin wayarsa ya ce mu duba bambancin daɓen, wani wuri bulo ne a fili inda masu bincike suka kankare, sauran kuwa wani baƙin abu ne mai tauri da ya rufe bulon, ya ce wannan da kuke tsaye a kai ba siminti ba ne, ƙazanta ce da jini da gumi da ragowar abinci da ƙafafun mutane suka daddaɓe shekara da shekaru. Wallahi ban san sanda na ɗaga ƙafata ba, kuma babu inda zan sauke ta sai a kansa. Daga nan ya kai mu ɗakin da ake jefa waɗanda suka yi tawaye, babu taga ko ɗaya, ba abinci ba ruwa har mutum ya mutu, ya rufe ƙofa ya kashe fitila na 'yan daƙiƙu kawai, aka yi tsit sai numfashin mutane, wani a bayana ya ce innalillahi da ƙarfi.

A nan ne wani ya tambaya wai daga ina ake kawo mutanen. Mai bayanin ya ce daga ko'ina, wasu fursunonin yaƙi ne tsakanin masarautun kudu, da yawa kuma daga arewa, a ƙafa ake koro su ɗaruruwan kilomita, ya ambaci Salaga, wani gari a ƙasar Gwanja ta arewacin Ghana.

Salaga. Ni fa da sunan garin nan na tashi. Kakanmu bafatake ne, goro ya kai shi, goro ne ma dalilin da ya sa nake da dangi a Kumasi da Akara. A gidanmu in aka ce Gwanja ana nufin arziki da jarumta, ayari ya tashi daga Kano da madugu a gaba, jakuna ɗauke da kanwa da baƙin rini da fatu da tufafi, a ratsa Borgu a bi ta Yendi a yi watanni a hanya kafin a isa Salaga, a sayo goron ƙasar Tonawa, wato Asante, a juyo gida. Wannan ɓangaren an ba mu shi tun muna yara kuma gaskiya ne. Ɓangaren da ba a ba mu ba shine Salaga ɗin nan tana cikin manyan kasuwannin bayi na yankin, rijiyoyin da ake wanke bayi kafin a kai su kasuwa suna nan har gobe, kuma cikin hajar da ayarin fatake ke shiga da ita akwai mutane. Tun tsakiyar ƙarni na 18 da Asante ta rinjayi Gwanja da Dagomba ake biyanta haraji da bayi, su kuma su gangara da wasu bakin teku su karɓi bindiga da albarushi. A yaren Akan akwai kalmar odonko, bawan da aka sayo daga arewa kenan, mai tsage a fuska, kuma kogin da ke Assin Manso a kan hanyar Kumasi zuwa Cape Coast, inda ake yi wa bayi wankan ƙarshe kafin a kai su ga Turawa, da wannan kalmar ake kiransa.

Ba na cewa duk wanda aka sayar a Salaga a Elmina ya ƙare, a'a. Fataucin goron Hausawa ya fi bunƙasa ne a ƙarni na 19, bayan Ingila ta haramta wa mutanenta cinikin bayi ta teku a 1807, don haka da yawa daga cikin waɗanda aka sayar a lokacin a gonaki da gidajen kudu suka ƙare rayuwarsu. Amma hanyar ɗaya ce, igiyar ɗaya ce, kuma har wajen 1890 mayaƙan Zabarmawa irin su Babatu suna kai hari ƙauyukan Gurunsi suna kwasar mutane suna kaiwa kasuwa, da Hausa ake cinikin, da sunan Allah ake buɗe shi. Shi ya sa na ce a riƙe maganar cocin da ke saman kurkuku. Wanda ya yi alwala ya yi sallar asuba ya fito ya duba haƙoran yarinya ya taya, da me ya fi wancan gwamnan na baranda? Ni dai ban ga da me ba. Kuma faɗin haka ba cin mutuncin kakanni ba ne, ni jikan bafatake ne, ina yi masa addu'a kullum, amma ba zan ce hannunmu tas yake ba.

Kuma an sayar da mu mu ma. Masana sun ƙiyasta mutum kusan miliyan 12 da rabi aka loda a jirage daga Afirka zuwa nahiyar Amurka, sama da miliyan 1 daga wannan gaɓar ta Ghana. Hausawan da suka ƙetare tekun yawancinsu ta Legas da Badagiri da Wida da Porto-Novo aka fitar da su, musamman bayan yaƙe-yaƙen jihadi da suka fara a 1804, aka zube su a Bahiya ta ƙasar Barazil. Can ɗin ma ba su kwanta ba, Hausawa ne suka kitsa yunƙurin tawaye na 1807 a birnin Salvador, sannan a watan Janairun 1835, cikin azumin Ramadan, Musulmi bayi da 'yantattu, yawancinsu Yarabawa tare da Hausawa, suka fito da fararen riguna da layu suka gwabza da sojoji, aka samu takardu da rubutun Larabci a jikin gawarwakinsu. Bayan wannan ne wasu suka dawo Afirka, zuriyar wasunsu na nan a Jamestown ta Akara ana ce musu Tabom. To ka ga wannan matar da ta dafa bango tana kuka, waye ya isa ya rantse cewa kakanta na takwas ba daga Gobir ko Zazzau ya fito ba? Amma sai mu tsaya daga nesa muna cewa baƙi sun zo kuka.

Akwai na uku, shi ma ba a cika faɗa ba. Mun yi wa Bature soja a kan waɗannan gaɓar. A 1863 wani Bature Glover ya haɗa runduna a Legas daga bayin da suka gudu masu jin Hausa, wadda sojan Najeriya ke lissafa asalinsa daga gare ta, kuma irin waɗannan dakaru aka kawo yaƙin Ingila da Asante na 1873 zuwa 1874 da aka ƙone Kumasi. A watan Yunin 1873 ɗin ne Ingila ta yi wa tsohon garin Elmina ruwan igwa ta baje shi saboda sun ƙi yarda da mulkinta, filin da ke gaban ginin yanzu a da gari ne cike da gidaje. Rundunar da suka kafa a Ghana daga baya ma sunan Hausa aka laƙa mata, duk da cewa da yawan dakarun Mosi ne da Gurunsi da Dagomba, Hausa dai ita ce harshen bariki. A Elmina akwai ɗakin da aka tsare Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya a 1896 kafin a kai shi Saliyo daga nan Seshels, bai dawo ba sai 1924. Waɗanda suka rako shi da bindiga, da wane harshe kake jin suke hira da juna? Tun kafin nan ma Turawan Holan sun kwashi mutum kusan 3000 daga nan tsakanin 1831 da 1872 suka kai su soja tsibirin Jaba a Indunusiya, yawanci bayi ne 'yan arewa da aka fanso a Kumasi, waɗanda suka dawo suka zauna a wani tudu a Elmina da har yau sunan Jaba yake ɗauke da shi. Zangunan bakin teku da yawa daga tsofaffin sojoji da 'yan goro suka tsiro, bayan 1874 da goro ya fara bin jirgin ruwa zuwa Legas.

Na san uzurin da ake kawowa. Wasu su ce wurin tsafi ne, kuma gaskiya a ɗakin ƙarshe na kurkukun Cape Coast akwai wurin bautar gargajiya na mutanen garin, ana ajiye kwalabe da furanni. To ba wanda ya ce ka durƙusa, ka wuce abunka ka karanta wa mamatan abun da ya sawwaƙa, ko ka manta cikinsu akwai masu kalmar shahada? Alƙur'ani a wurare da dama ya ce mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance, ga ƙarshen nan a tsaye da bangonsa, Fotugal ta tafi, Holan ta tafi, Ingila ta tafi, igwoyinsu na nan sun yi tsatsa yara na hawa kai. Wasu kuma su ce tone-tone ne, abun da ya wuce a bar shi. Da ya wuce da an bari. A arewacin Najeriya sai 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya, a Nijar sai 2003 aka mayar da ita laifi a dokar hukunta laifuka, a 2008 kuma kotun ECOWAS ta yanke hukunci a shari'ar Hadijatou Mani da aka sayar tana 'yar shekara 12. Har yau akwai gidajen da in aka zo neman aure sai an yi raɗa a bayan ɗaki ana binciken asali, a ce ai su bayin gidan wane ne, a fasa. Wannan bai wuce ba, a cikin ɗakunanmu yake.

Gwamnatin Ghana kam ta gane darajar wurin ta fuskar baƙi. UNESCO ta sa waɗannan gine-gine cikin kayan tarihin duniya tun 1979, Obama ya zo Cape Coast da iyalinsa a 2009, a 2019 kuma aka yi shekarar komowa gida don cika shekara 400 da kai bayin farko Bajiniya ta Amurka, jama'a suka yi ta tururuwa. Ban ga laifin wannan ba ko kaɗan, masu zuwan suna da hakki. Damuwata ita ce hankali duk ya tattara a gine-gine 2, alhali daga Keta a gabas zuwa Beyin a yamma, tsawon kilomita kusan 500, gommai Turawa suka jera. A hanyarmu ta dawowa mun tsaya Anomabo inda Ingila ta gina nata a 1753, tashar da ta fi yawancin sauran fitar da bayi a zamaninta, mu kaɗai ne baƙi a wurin. Gaba kaɗan a Abandze ga na Kormantin a kan tudu, wanda daga sunansa ne a Jamaika ake kiran bayin wannan yanki Koromanti, mutanen da masu gonaki ke tsoro saboda yawan tawayensu. Na Keta da Turawan Denmak suka gina a 1784 teku ta cinye mafi yawansa. Iskar gishiri ba ta hutu, kullum cin bango take, in ba a kashe kuɗi ba jikokinmu sai dai su ga hoto. Mu 'yan Kano bai kamata a ba mu labarin wannan ba, da idonmu muka ga yadda badala ta koma filin gini da wurin ɗiban ƙasa.

Sannan mutanen garin. Kana sauka mota a Elmina samari za su kewaye ka su tambayi sunanka, kafin ka fito sun rubuta shi a jikin ƙwanson teku suna jiran ka ba su wani abu. Wasu baƙin haushi suke ji, ni tausayi suka ban, don alama ce ta cewa kuɗin da ke shigowa ta ƙofar ginin ba ya gangarowa unguwa yadda ya kamata. Bas ta zo ta sauke mutane, su shiga su fito su hau su tafi otel ko dajin Kakum, ko dokunu da soyayyen kifi ba su saya a hannun matan garin ba. Wanda yake kwana da yunwa a gindin bangon tarihi ba za ka ce masa ya kula da bangon ya ji ka ba. In ka je, ka ci abinci a garin, ka hau tudun Sent Jago ka kalli tafkin da kwale-kwalen daga sama, ka ba wanda ya zagaya da kai hakkinsa da kyau.

Abun da nake roƙo ba mai yawa ba ne. Makarantun Islamiyya na zango, daga Nima zuwa Sabon Zango zuwa Aboabo a Kumasi, suna haɗa kuɗin mota a je maulidi da musabaƙa a garuruwa masu nisa, to a ware rana ɗaya a shekara a kai yaran nan bakin teku, malaminsu na gaba, in an fito ya zaunar da su a inuwa ya ba su labarin Salaga da Bahiya da Hausa. 'Yan kasuwarmu na Najeriya da Nijar da ke shiga Akara sari, kwana ɗaya ba zai karya jari ba. Masu wa'azi da ke da mabiya dubbai a Facebook da TikTok su taɓa wannan babin, ai tun 1615 Malam Ahmad Baba na Tumbutu ya yi rubutu yana yaƙar kama mutanen Kano da Katsina da Barno a bautar da su, duk da cewa kariyar tasa a kan Musulmi ta tsaya, ashe maganar ma tana da tushe a cikin karatunmu. Ina kuma fatan samarin zango masu digiri a tarihi su nemi aikin zagayawa da baƙi a wuraren nan, a samu mai yin bayani da Hausa, don tsoho irin Kawu in ya je ya ji da kunnensa ba sai an fassara masa ba. A haɗa hanyar ziyarar tun daga Paga da Salaga da Yendi inda kabarin Babatu yake, a biyo ta Assin Manso a ƙare a teku, yadda mutanen suka taka ta da ƙafa.

Ƙofar ƙarshe a Elmina, wadda ake ce wa ƙofar da ba a dawowa, ƙaramar tsaga ce a bango, mutum ɗaya take ɗauka shi ma sai ya karkace. Na leƙa ta ciki, abun da na gani masunta ne suna gyaran koma wani yaro na kwasar ruwa daga kwale-kwale da roba.

Mun iso Nima bayan isha'i. Kawu na zaune a tabarma a ƙofar ɗaki da carbinsa, ya ce to ɗan yawon duniya me ka gano. Na zauna na ba shi labari tun daga warin har daɓen, na ce masa Kawu har Salaga aka ambata. Ya yi shiru ya daɗe yana jan carbi, har na ɗauka barci ne ya ɗauke shi. Can ya ce lokacin suna yara a gidansu na Kumasi akwai wani tsoho da ke kwana a zaure, shi ke ɗaure huhun goro yana yayyafa masa ruwa, tsagen fuskarsa ba irin namu ba ne, Hausarsa ma a karye take. Baba suke ce masa kawai. Ya ce wata rana ya ji mahaifiyarsa na faɗa wa wata baƙuwa cewa kakanmu ne ya zo da shi daga Salaga yana ɗan yaro, kuma shi kansa bai san sunan garinsu ba. Da ya rasu su suka yi masa sutura, ba wanda ya zo daga ko'ina.

Na ce Kawu ba ku taɓa tambayarsa ba? Ya ce wa zai tambaya, mu yara ne. Sai ya juya wajen ƙanina ya ce in Allah ya kai mu bayan sallah ka nemo mota mai kyau wadda ba za ta jijjiga min baya ba.